Gumaka ko Kayan Aiki? Yadda Ake Karanta Mutum-mutumin Yumɓu na Manoman Farko

A shekarar 1961 wani masanin binciken kufai ɗan Ingila, James Mellaart, yana tonon wani tudu da ake kira Catalhoyuk a filin Konya na ƙasar Turkiyya, sai aka ciro wani ɗan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu daga cikin ma'ajiyar hatsi ta wani gida. Siffar mace ce mai ƙiba sosai, tana zaune tsirara, nononta da tumbinta sun zubo, ta ɗora hannayenta a kan wasu dabbobi biyu masu kama da damisa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, wutsiyoyinsu sun lanƙwaso ta bayanta zuwa kafaɗu. A tsakanin ƙafafunta akwai wani abu kewayayye. Tsayinta bai fi taƙi ɗaya ba, kuma ba ta da kai lokacin da aka same ta. Kan da masu ziyara suke gani yau a gidan adana kayan tarihi na Ankara masu gyara ne suka ƙera shi. Mellaart bai yi wata-wata ba ya ce allahiya uwa ce tana haihuwa a kan karaga, abin da ke tsakanin ƙafafunta kan jariri ne, kuma an ajiye ta cikin hatsi domin ta sa masa albarka.

Mutanen da suka gina ta sun rayu ne a zamanin da masana suke kira sabon zamanin dutse, wato lokacin da ɗan Adam ya fara noman alkama da sha'ir, ya fara kiwon tumaki da awaki, ya zauna wuri ɗaya, amma bai san ƙira ba kuma bai san rubutu ba. An zauna a Catalhoyuk daga wajen shekara ta 7100 zuwa wajen 5950 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Gidajen na tubalin laka ne, a manne da juna babu titi a tsakaninsu, ana shiga ta rufi da tsani, kuma idan gida ya tsufa sai a rushe rabinsa a cike shi da ƙasa a gina sabo a kansa, har garin ya zama tudu mai tsayin mita 20 ko fiye. Rashin rubutu shi ne tushen duk wahalar wannan fage. Ba mu da sunan abin bauta ko ɗaya daga wannan zamani, ba mu da addu'a, ba mu da waƙa. Abin da ya rage shi ne ƙasusuwa, da bango, da toka, da dubban ƙananan siffofi na yumɓu waɗanda mutanen Gabas ta Tsakiya suka fara ginawa tun kafin su koyi ginin tukunya. Saboda haka duk wanda ya ce wannan siffa allahiya ce, wancan ɗaki kuma wurin bauta ne, sai a tambaye shi daga ina ya sani.

Fassarar Mellaart ta samu karɓuwa domin ta zo daidai da abin da Turawa suka daɗe suna tsammani, cewa manoman farko sun bauta wa ƙasa a siffar mace mai haihuwa. Wadda ta kai wannan ra'ayi ƙololuwa ita ce Marija Gimbutas, 'yar asalin Lituweniya da ta koyar a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Tun daga littafinta na 1974 ta tattaro siffofin yumɓu na Girka da Sabiya da Bulgeriya da Romaniya da Yukren, ta ce dukkansu fuskoki ne na babbar allahiya guda, kuma layukan da aka tsattsaga a jikinsu alamomi ne na ruwa da tsuntsu da maciji. A ganinta al'ummar wancan lokaci ta zaman lafiya ce wadda mata suke tsakiyarta, sai daga baya makiyaya masu dawaki daga filayen arewacin Baƙin Teku suka mamaye ta. Abin lura shi ne binciken ƙwayoyin halitta na tsofaffin ƙasusuwa da aka wallafa a 2015 ya tabbatar da cewa lallai an yi gagarumar ƙaura daga waɗancan filaye zuwa Turai, wato ta yi gaskiya a wannan ɓangare. Maganar allahiya guda kuwa ba ta samu irin wannan goyon baya ba.

Tun ma kafin littafin nata, wani masanin binciken kufai, Peter Ucko, ya riga ya nuna inda ɓarakar take. A wata maƙala ta 1962 da littafinsa na 1968 ya bi siffofin Masar ta kafin Fir'aunoni da na tsibirin Kirit ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da yawa daga cikinsu ba su da alamar mace ko namiji, wasu maza ne, na Kirit kuma galibi an tsince su a cikin shara. Ya tambaya, in har allahiya ce, me ya sa aka gina ta da yumɓu mafi araha aka kuma jefar da ita a juji? Sannan ya duba yadda al'ummomin da aka gani da ido suke amfani da irin waɗannan abubuwa, ya ga akwai masu yin su don wasan yara, akwai masu yin su don magani ko sammu, akwai masu yin su a madadin mamaci, akwai kuma masu koyarwa da su. A Tanganyika, wato ɓangaren ƙasar Tanzaniya ta yau, alal misali, Hans Cory ya wallafa bayani a 1956 kan siffofin yumɓu da dattawa suke nuna wa samari da 'yan mata a lokacin bikin balaga, kowace siffa da waƙarta da darasinta. Wanda zai tono irin waɗannan bayan shekaru dubbai, ba tare da waƙar ba, zai iya rantsuwa cewa gumaka ya samu.

Gwajin gaske ya zo ne lokacin da Ian Hodder ya sake buɗe Catalhoyuk a 1993, ya yi shekaru 25 yana aiki da ayarin masana daga ƙasashe da dama. Mellaart ya yi tono da sauri, da ɗimbin lebura, yana ɗaukar abin da ya burge ido. Ayarin Hodder kuwa tankaɗe ƙasar suka riƙa yi, suna rubuta wurin da kowane gutsure ya fito. Lynn Meskell da Carolyn Nakamura, waɗanda aka ɗora wa nazarin siffofin, sun ƙirga wajen 2,000, kuma waɗanda za a ce tabbas mata ne ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Mafi rinjaye dabbobi ne, shanu da aladun daji da tumaki, da ƙahonni su kaɗai, da wasu 'yan dunƙule-dunƙule da aka matsa da yatsu biyu aka fitar musu da kai da gindin zama, ba a sanin ko mutum ne ko dabba. Yawancinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, ginin kowanne ba zai ci fiye da 'yan mintoci ba, kuma ba a gasa su da kyau ba, wasu shanya su kawai aka yi, wasu zafin murhu ne ya taɓa su. A juji aka sami galibinsu, a tsakanin gidaje, cikin toka da ƙasusuwan abinci. Da wuya a same su a cikin kabari ko a kan wani dakali na musamman. Matar nan mai damisa, wadda hotonta ya zama tambarin garin, ta fito ne daga matakan sama na tudun, wato ƙarshen zamansa, kuma irinta ba ta da yawa.

Haka ma ɗakunan da Mellaart ya kira wuraren bauta, waɗanda a lissafinsa sun kusa sulusin gine-ginen da ya tona. Da aka binciki daɓensu sai aka ga tokar girki da ɓarɓashin sassaƙar dutse kamar kowane gida. Mutane sun kwana a cikinsu, sun ci abinci, sun haihu. Wannan ba ya nufin garin ba shi da addini, domin alamun al'adun tsafi a bayyane suke, sai dai ba a jikin 'yan siffofin suka fi yawa ba. Ana binne matattu a ƙarƙashin dakalin da ake kwana a kai. Ana kafa ƙahonnin shanun daji a bango da gefen dakali. Ana buɗe wasu kaburbura bayan wani lokaci a cire kan mamaci. A 2004 an tono wata mata da aka binne tana rungume da ƙoƙon kan wani mutum, wanda aka shafe da farar ƙasa aka fitar masa da fuska aka shafa masa jan launi, irin abin da wata masaniya, Kathleen Kenyon, ta samu a tsohon garin Yariko na Falasɗinu a 1953. Addinin waɗannan mutane a cikin gida yake, kuma ya fi karkata ga magabata da namun daji masu haɗari fiye da haihuwa da amfanin gona.

A nan ne wasu suke zarcewa su ce, tun da a shara aka same su, siffofin yumɓun ba su da wata ma'ana. A ganina wannan ma kuskure ne, irin na Mellaart da aka juya. Dukkan ɓangarorin biyu sun ɗauka cewa abin tsafi dole ya zama abin da ake ajiyewa a girmama, alhali akwai nau'in tsafin da aikinsa yake ƙarewa a lokacin yin sa, abin da ya saura kuma ɓawo ne kawai. Misali mafi ƙarfi ya fito daga Ain Ghazal, wani babban ƙauye na wannan zamani a gefen birnin Amman na ƙasar Jodan, wanda aikin hanya ya bankaɗo a 1974, Gary Rollefson da abokan aikinsa suka fara tona shi a 1982. A ƙarƙashin daɓen wani gida an sami ɗan rami, a cikinsa shanu biyu na yumɓu an kwantar da su kusa da juna. Kowannensu an soke shi da ƙananan tsinin dutsen ƙyastu tun yumɓun yana ɗanye, ta haƙarƙari da ta gaba, kuma tsinin suna nan a jikinsu. Wanda ya yi wannan ya gina dabbar, ya zaɓi wuraren da mafarauci yake nema, ya soke ta, ya haƙa rami a ɗakinsa, ya rufe. Ƙari a kan haka, naman da mutanen ƙauyen suka fi ci na awaki ne, amma siffofin dabbobinsu galibi shanu ne, wato ba abin da ke cikin tukunya suke kwaikwayo ba, abin da ke cikin zuciya ne, ko tsoro ko buri. A Catalhoyuk ma an sami dabbobin yumɓu da dama masu ramukan suka da aka yi kafin su bushe.

Wani wuri a kudu maso gabashin Turkiyya, Nevali Cori, wanda ruwan madatsar Ataturk ya shanye a farkon shekarun 1990, ya ƙara fito da wannan bambanci. Yana da gini na musamman mai ginshiƙan dutse da manyan sassaƙe-sassaƙe na dutse, wanda kusan kowa ya yarda na taron al'ada ne. Yana kuma da ɗaruruwan siffofin yumɓu, maza da mata, amma ba a cikin wancan gini aka tara su ba, a sassan zaman jama'a suke. Alama ce ta cewa dutse da yumɓu ayyukansu daban, ɗaya na taron gari ne mai ɗorewa, ɗayan na buƙatar mutum ɗaya ko gida ɗaya ne a rana ɗaya.

Batun wasan yara ba abin rainawa ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin yaran makiyaya a bakin rafi suna gina shanu da laka, suna fitar musu da tozo da ƙaho, su jera su a garke, su bar su nan idan an kira su gida, ya san cewa ɗan saniyar yumɓu da aka tsinta a juji ba ya buƙatar wani boka kafin a bayyana shi. Babu shakka wani kaso na abin da aka tono aikin yara ne. Wahalar ita ce siffa kaɗai ba ta rarrabe saniyar yaro da saniyar mai magani, kuma a al'ummar da babu makaranta, wasa da koyon al'ada sukan cakuɗe. Abin da yake rarrabewa shi ne abin da aka yi wa siffar da wurin da aka sa ta.

Akwai kuwa wuraren da ajiyar take magana da kanta. A Ain Ghazal ɗin dai, a 1983 da 1985, an sami ramuka biyu ɗauke da manyan mutum-mutumi sama da 30, waɗanda ba na yumɓu ba ne, na farar ƙasa ne da aka ƙona aka kwaɓa aka ɗora a kan ƙashin karan fadama, aka zana idanunsu da kwalta. Wasu sun kusa mita ɗaya, wasu kawunansu biyu a jiki ɗaya. An jera su ne a tsanake a ƙarƙashin gidajen da aka riga aka ƙaurace wa, kamar yadda ake binne mutane. Ƙona farar ƙasa yana cin itace mai yawa da aikin mutane da yawa, saboda haka wannan ba abin da mutum ɗaya zai yi da yamma ba ne. A Tasaliya ta ƙasar Girka, a wani tudu mai suna Platia Magoula Zarkou, an sami ɗan samfurin gida na gasasshen yumɓu wanda ba shi da rufi, da murhunsa da dakalinsa, a cikinsa 'yan mutane manya da ƙanana kamar iyali guda, an binne shi a ƙarƙashin daɓe kusa da murhun gidan gaske. A Romaniya kuma, a ƙarshen wannan zamani lokacin da jan ƙarfe ya fara bayyana, an sami wata tukunya a Poduri a 1981 ɗauke da siffofin mata 21 da ƙananan kujeru 13. Bayan shekaru aka sami wata tukunyar a Isaiia, wani wuri dabam, ita ma da siffofi 21 da kujeru 13. Ruwa ba ya tsami banza. Maimaituwar adadi ɗaya a ƙauyuka biyu tana nuna akwai ƙa'ida da aka sani aka kuma bi, ko da ba za mu iya cewa ƙidayar kwanaki ce, ko majalisar dattawa, ko jerin magabata ba. Irin wannan ne Colin Renfrew yake nufi a ma'aunan da ya shimfiɗa a 1985 don gane wurin ibada: a nemi maimaituwa, da keɓe wuri, da alamar sadaukar da abu mai tsada, kada a dogara da cewa abu ya yi kama da baƙo a idonmu.

Sai batun karyewa. Mafi yawan siffofin mutane na wannan zamani a karye ake samun su, kuma sau da yawa a wuya. Wuya wuri ne mai rauni, nauyin ƙasa ma zai iya karya shi, don haka ba kowace karaya ce hujja ba. Amma a Catalhoyuk akwai siffofin da aka gina da rami a tsakanin kafaɗu, domin a riƙa sa kai ana cirewa, a garin da ake cire kawunan matattu ana yawo da su tsakanin gidaje. Da wuya a ce waɗannan biyu ba su da alaƙa. A kudancin Girka, Lauren Talalay ta lura da siffofin da aka gina ƙafafunsu dabam-dabam aka manna, yadda za a iya raba su biyu cikin sauƙi, kuma ƙafa ɗaya ake samu ba tare da 'yar'uwarta ba. Ta kawo shawarar cewa shaidar alkawari ce tsakanin ƙauyuka, kowane ɓangare ya riƙe rabi. John Chapman ya faɗaɗa wannan tunani a littafinsa na 2000 kan yankin Balkan, inda ya ce karya abu da rarraba gutsattsarinsa hanya ce ta ƙulla zumunci tsakanin mutane, da tsakanin rayayyu da matattu. Hujjarsa ta fi ƙarfi a wuraren da aka tone gaba ɗaya aka rasa sauran gutsattsarin, ta fi rauni a inda aka tona ɗan yanki kawai.

Matan masu ƙiba fa, su wane ne? A 2005 an tono wata siffa a Catalhoyuk wadda ta gaba mace ce cikakkiya, hannayenta a kan nono, cikinta a tashe, amma ta baya ƙwarangwal ce, ana ganin haƙarƙari da ƙashin baya da allon kafaɗa, kuma tana da ramin sa kai. Wannan ba hoton haihuwa ba ne kawai. Meskell da Nakamura sun nuna cewa zubabben nono da naɗe-naɗen tumbi sun fi kama da jikin dattijuwa fiye da na mai ciki, kuma siffar mace riƙe da jariri ba ta da yawa a garin. Ƙiba a al'ummar da abinci yake da wuyar samu alama ce ta daraja da tsawon rai. A 2016 an sami wata irinta ta dutse, mai tsawon santimita 17 da nauyin kilo 1, an ajiye ta da kulawa a ƙarƙashin dakali tare da gutsuren baƙin dutse mai kaifi. Nazarin ƙasusuwa ya nuna maza da mata abinci kusan iri ɗaya suka ci, sannan wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2025 ya gano cewa waɗanda aka binne a gida ɗaya sun fi haɗuwa ta wajen uwa, kuma yara mata sun fi samun kayan rakiya a kabari. Mata suna da matsayi babba a tsarin gida, wannan ya fara tabbata. Daga nan zuwa cewa ana bauta wa allahiya guda daga Konya har bakin kogin Danub akwai tafiya mai nisa, kuma kaka da ake tunawa da ita ta isa ta bayyana abin da aka gani.

Wannan muhawara ta shafi ƙasarmu kai tsaye, domin a Gajiganna ta jihar Borno masana daga Jami'ar Frankfurt da Jami'ar Maiduguri, ƙarƙashin Peter Breunig, sun tono a shekarun 1990 ƙauyukan makiyaya da manoman gero na tsakanin wajen 1800 da 800 kafin Miladiyya, masu amfani da kayan dutse da na ƙashi, da ƙananan siffofin yumɓu waɗanda da yawansu shanu ne. Tambayar da aka yi a Konya ita ce ake yi a can. Siffofin Nok na kudancin Kaduna sun zo daga baya, sun kuma fi girma da ƙwarewa nesa ba kusa ba, amma darasin wurin samu ya fi zafi a kansu, saboda mafi yawan wuraren da ayarin Frankfurt ya ziyarta tun 2005 ya tarar masu haƙar sata sun riga shi. Kan Nok da ke cikin shagon dillali a Turai ba ya faɗin komai game da abin da aka yi da shi. Daga 'yan wuraren da aka tona bisa tsari ne aka gane cewa kusan dukkan siffofin a farfashe aka binne su, ana haɗa gutsattsarin siffofi dabam-dabam a rami ɗaya, kuma a Ifana da Pangwari irin waɗannan ramuka suna kusa da jerin duwatsu da tukwane da duwatsun wuya waɗanda masanan suke ɗauka kaburbura ne, ko da yake tsamin ƙasar wurin ya cinye ƙasusuwan.